Daren da makaɗan garinmu suka yi wa asibiti ajo

Salamu alaikum jama'a. Yau kwana uku kenan ina ɗaukar waya in fara rubutun nan sai in ajiye, gajiya ba ta sake ni ba kuma muryata har yanzu a dishe take saboda ƙura da sanyin da muka sha daren Asabar, to amma na ga idan na ƙara kwana biyu wasu abubuwan za su fara zame min, gara in rubuta tun abin yana da ɗuminsa a raina.

Ƙauyenmu a ƙasar Haɗeja yake, can ɓangaren fadama, idan ka sauka daga kwalta sai ka yi wajen rabin awa a kan mashin cikin yashi kafin ka hango rimin bakin gari, da damina kuwa wani lokacin sai kwale-kwale. Muna da ɗan asibiti na sha-ka-tafi, ɗaki uku da baranda, kuma ba mu kaɗai ke cin moriyarsa ba, ƙauyukan da ke kewaye da mu da rugagen Fulani duk nan suke zuwa awo da rigakafi da karɓar maganin zazzaɓi. Ambaliyar 2022 ce ta fara kassara shi. Duk wanda yake Jigawa a shekarar ba sai an ba shi labari ba, daga Ringim zuwa Miga zuwa Auyo da Kafin Hausa har can Guri da Kirikasamma ruwa ne ko'ina, shinkafar da ta fara fitar da kai muna ji muna gani ta nutse. Mu nan ƙasa mu ne masu karɓar duk ruwan da ya taso daga Kano, idan dam ɗin Tiga da na Challawa suka cika nan yake gangarowa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin da ya kamata ya bi ya wuce ya nufi Yobe, sai ya rasa inda zai sa kansa ya shigo mana gida. Ruwa ya fi sati biyu kwance a cikin asibitin, bangon baya ya tsage daga sama har ƙasa, da shekara ta zagayo kuma iskar farkon damina ta zo ta yaye kwanon ɗaki biyu ta jefa shi gonar wani.

Tun daga nan malamin asibiti ya koma zauren mai unguwa da kwalin magungunansa, awo a gindin darbejiya ake yi an kewaye da zana, haihuwar dare kuwa da fitilar waya ungozoma take karɓa a ɗakin mai naƙuda. Daminar bara ƙanwata naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, a amalanken shanu muka ɗora ta zuwa bakin kwalta ana yayyafi, Allah ya tsallakar da ita amma jaririn bai zo da rai ba. Ban ce da rufin yana nan da ya rayu ba, rai na Allah ne, amma wallahi tun daga ranar duk na wuce ta gaban ginin nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Mun rubuta takarda ba ɗaya ba ba biyu ba, an zo an duba, an ɗauki hoto, an ce za a yi. Ba zan kama sunan kowa ba. Da muka gaji da jira sai ƙungiyar ci gaban gari ta kafa kwamiti aka ba ni sakatare, muka yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Nan ma tafiya ta ƙi, don mutanen da ruwa ya cinye musu shinkafa suka ci bashin iri da taki me za ka ce su kawo, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, duk sanda muka ɗan tara wani abu muka aika Haɗeja tambayar siminti sai a ce mana ai ya ƙara gaba, abin da ya isa buhu goma jiya yau bakwai zai saya.

Yanzu ga wurin da nake so ku tsaya ku ji, don shi ne ya sa ni rubutun nan gaba ɗaya. Lokacin da nake rubuta sunayen gidaje a littafin kwamiti, unguwa-unguwa, na tsallake gidajen makaɗa guda uku da ke can ƙarshen gari kusa da mahauta. Ba wanda ya ce in tsallake su, ni ma ban zauna na yanke shawarar haka ba, hannuna ne kawai ya wuce, kuma da na karanta jerin a gaban kwamiti mutum goma sha ɗaya ba wanda ya ce ina gidan su wane. Haka muka taso muka gani, makaɗi maroƙi ne, shi ake ba ba shi ke bayarwa ba, ranar suna da ranar biki a neme shi ya cika mana gida da murna, a miƙa masa ɗan abin da ya samu da tsohuwar riga, amma ranar da ɗansa ya zo neman aure gidanmu sai a fara noƙe-noƙe ana cewa ai ba a san asali ba, alhali ba wanda ya fi su sanin asalin kowa a garin.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ina zaune ƙofar gida ina duba jarrabawar yara sai ga Sarkin Makaɗa ya yi sallama. Dattijo ne ya haura saba'in, siriri, idonsa ɗaya ya fara yana. Na tashi na ba shi tabarma na durƙusa na gaishe shi, ya ce "Malam sakatare, na ji ana karɓar kuɗin asibiti gida-gida, mu dai har yau ba mu ga kowa ba." Na rasa abin cewa, na ce Baba ai ana tafe ne. Ya yi shiru ya dube ni, ya san ba haka ba ne, amma bai ƙure ni ba. Sai ya ce "To ɗana, mu ba mu da shanu ba mu da rumbu, abin da Allah ya ba mu yana hannunmu da bakinmu, ku ba mu fili da dare ɗaya mu yi wa asibitin nan ajo."

Yaran yanzu wasu ba su san ajo ba. Shi ajo a yadda muka san shi, makaɗi ne ko wani mai sana'ar wasa idan wata buƙata ta taso masa, aure ko gini ko rashin lafiya, sai ya sa rana ya raba goro, 'yan'uwansa makaɗa su zo su taya shi, iyayen gidansa da masoya su hallara a yi ta wasa ana ba da kuɗi, duk abin da aka tara nasa ne. To shi Baba juya abin ya yi, su za su yi kiɗan, su za su gayyato 'yan'uwansu daga garuruwan maƙwabta, amma ko sisi ba zai shiga aljihunsu ba.

Ba a rasa gardama ba gaskiya, kuma ni ban ga laifin waɗanda suka yi ta ba. Da muka kai maganar gaban dagaci ya ce sai an ji ta bakin liman, muka je muka same shi bayan isha'i, ya saurare mu tsaf sannan ya ce shi abin da yake tsoro ba ganga ba ce, abin da ke biyo bayan ganga ne, cakuɗuwar samari da 'yan mata cikin duhu, shaye-shaye, da barin salla. Sarkin Makaɗa ya ce "Allah gafarta Malam, ka gindaya mana sharaɗi, wanda ya karya ni zan fara ajiye gula in tafi gida." Aka tsaya a kan maza gefe mata gefe da igiya a tsakani, a tsaya cak lokacin magariba da isha'i, ba rawar banza, ba zambo ba habaici ga kowa, ba waƙar siyasa, ƙarfe sha ɗaya a tashi. Akwai wani malaminmu na Islamiyya da ya ce shi fa har ga Allah ba zai halarci wurin kiɗa ba, kuma bai zo ba, amma da safiyar ranar ya aiko ɗansa da ambulan ya ce a sa a asusun. Na ga girmansa ƙwarai, bai sayar da fahimtarsa ba kuma bai bar garinsu a baya ba.

Wani abin da muka yanke shi ne ba liƙi. Babbar fanteka muka ajiye a tsakiyar fili kan tebur, ma'aji da wakilin dagaci da wakiliyar mata suna zaune a gabanta, duk mai bayarwa ya zo ya saka da hannunsa sanƙira ya faɗa. Dalili biyu ne, na farko kuɗin da aka watsa a ƙasa cikin dare rabinsa a ƙafar yara yake ƙarewa kuma gobe a ce kwamiti ya ci, na biyu dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma mun ga yadda aka fara kama mutane a kanta a birane, ba ma son abin alheri ya jawo wa wani magana. Mai POS ɗin garinmu ya kawo na'urarsa ya zauna gefe, ya ce daren nan ba cajin ko kwabo.

Ranar Asabar tun azahar gari ya canza. Filin firamare muka share aka yayyafa ruwa, aka fito da bencina, mai haya ya ba da kanofi biyu da kujerun roba kyauta, mai cajin waya ya kawo janaretonsa, masu mashin suka haɗa kuɗin mai a tsakaninsu. Kafin la'asar amalanke da mashina sun cika bakin gari, mutanen tsallaken kogi a kwale-kwale suka zo da Sarkin Ruwansu, Fulani suka iso da sandunansu da ƙoren nono. Masu tsire da masu shayi da 'yan matan da ke soya awara da wainar fulawa duk sun kafa, hunturu kuma ya sauko da ƙarfinsa har sai da aka hura wuta a kusurwa huɗu.

'Yan mandiri ne suka buɗe da yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wuri ya yi tsit, daga nan liman da kansa ya yi addu'a ya koma gida. Sai mata suka karɓa da kiɗan ƙwarya, manya biyu a kife cikin ruwa ƙanana a ƙasa, zabiyarsu wata gwaggo ce da na sani tun ina yaro tana sayar da daddawa, ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Waƙar da ta yi a kan naƙuda ce da tafiyar dare a amalanke, ba ta kama sunan kowa ba amma duk macen da ke wurin ta san wadda ake nufi, don kusan kowace ta taɓa bin hanyar nan ko ta raka wata. Na hango ƙanwata cikin mata ta rufe fuska da mayafi. A nan ne mata suka fara tasowa, kuma jama'a ku ji abin da suka kawo, wata mudun gero, wata mudun riɗi, wata kaza a ɗaure, wata zobo a ƙulle cikin ɗankwali, 'yan adashin unguwar gabas kuwa kwasar satin gaba ɗaya suka ɗauko suka zuba, wadda kwasar ta faɗo kanta ta ce ta yafe ta jira zagaye na gaba. Fantekar kuɗi ba ta isa ba sai da aka shimfiɗa buhuna a gefe.

Bayan magariba wani ɗan Fulani ya busa sarewa, sai mai kukuma daga garin maƙwabta, shi kaɗai da yaronsa mai ƙwarya, tsarkiya ɗaya tal ta izgar doki amma sai ka rantse mutum ne ke kuka a ciki. Sannan yaranmu na zamani, su huɗu, masu zuwa sutudiyo a Haɗeja da Kano suna buga waƙa a fiyano suna sakawa a TikTok. Gaskiya da farko na ji tsoron kada su ɓata mana sharaɗi, amma sun ba ni kunya ta alheri, sati biyu suka yi suna shirya waƙa musamman don daren, suka jero sunayen duk ƙauyuka da rugagen da ke zuwa asibitin ɗaya bayan ɗaya, duk garin da aka ambata sai ka ji ihu daga kusurwar da mutanensa suke. Su ne kuma suka kafa waya a kan sanda suna haska wa 'yan garinmu da ke ci-rani, masu tura baro a Legas, masu gadi a Abuja da Fatakwal, masu faci da sayar da ruwa a Kano, nan take alat ya fara shigowa, sanƙira yana karantawa, wane ɗan gidan wane daga Legas dubu biyar, sai uwarsa ta rangaɗa guɗa daga cikin mata. Wani yaro da ya shekara huɗu bai zo gida ba ya turo, ya kira yana kuka ya ce a nuna masa rimin bakin gari ko a duhu ne.

Sai bayan isha'i Baba ya shigo fili. Ya ce a kashe sifika, shi da 'ya'yansa biyu da jikansa da 'yan amshi uku, kalangu a hammata. Kafin ya fara ya ɗan yi magana, ya ce shi tun kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974 yake bin mahaifinsa kiɗa, lokacin kogi da kansa yake kawowa da kansa yake janyewa kowa ya san lokacinsa, ya ce ya yi wa masunta kiɗa ranar su, ya yi wa manoma a gayya, ya ce ranar da aka ba mu jihar Jigawa a watan Agustan 1991 kwana suka yi suna kiɗa har fatar kalangunsa ta fashe, amma bai taɓa yin kiɗan da ya ƙagu ya yi kamar na yau ba.

Duk wanda ya san kalangu ya san magana yake yi. Idan makaɗi ya matse tsarkiyar da hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, daidai yadda harshenmu yake hawa da sauka, shi ya sa mai kunne yake jin kalma a ciki sarai. Asalinsa kiɗan mahauta ne, kamar yadda gangar noma take ta manoma, dundufa ta maƙera, tambari da kakaki na sarakuna, don haka da taken Sarkin Fawa ya fara, mahauta suka miƙe gaba ɗaya suka zo suka zuba cinikin tsiren daren. Daga nan fa sai ya shiga abin da ba wanda ya yi tsammani. Maimakon ya bi masu kuɗin da ke zaune a kujerun gaba yana wasa su kamar yadda aka saba, sai ya koma kan matattu. Gida-gida yake bi, unguwa-unguwa, yana kaɗa taken kakanni da iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka haƙa rijiyar tsakar gari, waɗanda suka yi gayyar ɗora azarar masallaci, wanda ya ba da filin da aka gina asibitin a kai. Mu matasa da yawa ba ma gane abin da gangar ke faɗi, tsofaffi ne ke ganewa, sai ka ga wata tsohuwa ta zabura ta dafa ta kusa da ita ta ce wannan na Malam ne, wannan na mijina ne, sanƙira kuma ya fassara da baki don mu ji. Duk gidan da aka taɓo sai 'ya'ya da jikoki su taso, ba wanda ya kira su.

Ina tsaye bayan teburi da littafi a hannu ina rubuta abin da ake sakawa sai na ji kiɗan ya canza, wani abu ya tsarga min tun daga ƙafa, kafin sanƙira ya buɗe baki na gane. Taken mahaifina ne. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, rabon da in ji shi tun ina ɗan firamare ranar gayyar gonarmu ta fadama, ina biye da shi da butar ruwa, ana kaɗa masa yana ƙara duƙawa kan garma, mai tashin asuba raɓa ba ta hana ka fita. Na ɗauka na manta, ashe yana nan kwance. Na ajiye biro na kasa rubutu, ma'aji ne ya karɓi littafin. Mutumin da na tsallake gidansa a jerin sunayen gari shi ne ya riƙe min sunan ubana shekara da shekaru ba tare da na biya shi ko na tambaye shi ba, kuma ba nawa kaɗai ba, na kowa da kowa yana cikin kansa, ba a rubuce a ko'ina ba.

Abin da ke damuna tun daren shi ne wa zai karɓa. Yanzu biki DJ ake kira da filas ɗinsa, ya fi araha ya fi ƙara, makaɗan gargajiya sai lokacin kamfen a tuna da su a ɗebe su a mota a gama a watsar. 'Ya'yan Baba biyu ɗaya acaɓa yake yi ɗaya faskare, kalangu sai jefi-jefi, fatar da za a ɗaura ma yanzu kuɗi ce. Jikan ne na ga hannunsa ya faɗa, yaro ne ɗan aji biyar a makarantarmu, kuma na sha jin yara suna tsokanarsa da ɗan maroƙa a filin wasa ban taɓa tsawatar musu da gaske ba. Ranar Litinin na yi, kuma zan ci gaba. Na kuma roƙi yaran fiyano su ware rana su zauna da Baba su ɗauki taken gidajen nan ɗaya-ɗaya a waya da bayanin kowanne daga bakinsa, sun amsa, ni zan sayi memori.

Sha ɗaya saura minti biyar Baba ya ɗaga gula sama kiɗa ya tsaya, ko mutum ɗaya bai yi gardama ba duk da wuri ya yi daɗi ana ta a ƙara a ƙara. 'Yan sintiri suka raka mata da baƙi, ba a yi faɗa ba, ba a ɗauke wa kowa waya ba, takalmin yaro ɗaya ne ya ɓata shi ma da safe aka gan shi.

Fantekar a gidan dagaci ta kwana an ɗaure ta da zani an sa hannu a kan ƙullin. Da safe bayan an karya muka zauna a zaure mu wajen ashirin aka ƙirga a gaban kowa, yawanci 'yan ɗari biyu da ɗari biyar ne da suka sha hannu, har da 'yan hamsin na yara. Aka haɗa da na POS da na taransifa, hatsi da kaji da akuya biyu da Fulani suka kawo aka ce a kai kasuwa. Da kafinta da birkila suka yi lissafi, abin da aka samu zai sayi kwano da katako da ƙusa na ɗaki biyun, ya sake bangon baya da bulon siminti tun daga tushe a ɗaga shi sama da inda ruwa ya tsaya, har a sami ragowar da za a fara ajiyewa don sola ko da fanel ɗaya da batir ne saboda haihuwar dare. Wata takwas muna bin gida-gida ba mu tara rabin haka ba.

Sai dagaci ya ce a ware wa makaɗa wani abu, ko ba komai sun bar sana'arsu, baƙin cikinsu sun sha mai. Kowa ya ce haka ne. Baba ya gyara zama ya ce "Ranka ya daɗe, baƙina ni na gayyato su kuma na sallame su tun jiya," ashe tunkiyar matarsa ya sayar tun ranar Alhamis ya ba kowannensu kuɗin mashin, ba wanda ya sani. Aka yi juyin duniya ya karɓi ko na goro ya ƙi. Ya ce abu ɗaya yake so, sai ya juyo ya dube ni ya ce "Malam sakatare, littafin nan naka, a sa gidajenmu a ciki, a layin da kowa yake." Zaure ya yi shiru. Na ce Baba ka yafe min, ya ce ba komai ɗana rubuta kawai. Na buɗe shafin unguwarsu, ba wuri a ƙasa don na ja layi na rufe, sai na sake sabon shafi na kwafe unguwar gaba ɗaya daga farko na sa gidajen uku a inda suke a zahiri, tsakanin gidan Sarkin Fawa da gidan masu gyaran keke. Ya ce in karanta masa, na karanta, ya sa hannu aljihu ya ciro kuɗin da aka yanka wa kowane gida, na gida uku cif, ya ajiye a kan littafin ya ce a ba shi rasit.

Cikakken lissafin shiga da fita na saka shi a guruf ɗin WhatsApp na 'yan gari, an kuma manna kwafi a ƙofar gidan dagaci da bakin masallacin Juma'a, duk wanda ya turo bai ga sunansa ba ya yi min magana a gyara. Gobe in Allah ya kai mu ma'aji da kafinta da wakiliyar mata za su shiga Haɗeja sayen kwano da siminti. Asabar mai zuwa kuma gayyar ɗiban yashi ce daga bakin kogi, bayan sallar asuba za a fara kafin rana ta yi, mai amalanke ya fito da shanunsa, mai shebur da baro ya zo da su, mata sun ce kunu da ƙosai a wuyansu. Baba ya ce shi ma yana nan tafe, wannan karon da gangar noma.